Sandar da Ka Karɓa Daga Hannuna a Masta

Masta, kusa da Stavelot
9 ga Afrilu, 2012

Zuwa ga Yayana Fernand,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Colette da yara da jikoki, kuma sanyin Kanada ya sassauta wa gwiwarka. Mu nan lafiya lau. Maigidana Emile yana nan da tarinsa da taurin kansa. Likita ya hana shi giya, shi kuwa ya ce likitan yaro ne, bai san daɗin duniya ba tukuna. Shanu sun ragu zuwa tara. Ɗana Luc ne ke tatsa yanzu, ni sai dai in tsaya a kansa ina gyara masa abin da bai ɓata ba.

Yaya, ba don labarin shanu na ɗauki alƙalami ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagawa.

Wasu mutane sun kafa ƙungiya suna tattara tarihin tsohuwar hanyar tseren motoci, wadda ta bi ta ƙofar gidanmu tun zamanin Kaka har aka daina amfani da ita. 'Yan yanzu gajeren zagayen tsere na Francorchamps kawai suka sani. In ka ce musu da can kilomita goma sha huɗu ne na titin kowa da kowa, wanda muke bi zuwa coci, ba abin kariya sai damin ciyawa, sai su yi maka kallon tsohuwa ta fara ruɗewa. Ƙungiyar za ta kafa allo a kowace kwana da labarin wurin, kuma ɗaya zai tsaya daidai ƙofar makiyayarmu. Wata tsohuwar malamar makaranta, Madam Solange, ita ke bin gida gida da na'urar ɗaukar magana.

Da maƙwabcinmu Armand ta fara. Ka san shi, baki ba birki. Ya ba ta labarin ranar gwajin motocin nan ta 1963 da saniya ta hau hanya. Wai Fernand ɗan gidan Lejoly ne gaggawa ta ci shi, ya koro shanu kan kwalta, wai da idonsa ya gan ka da sanda a hannu, in ƙarya yake Allah Ya hana shi giyar Lahadi. Madam Solange ta kawo mini rubutun in duba ko an rubuta sunanka daidai. Na karanta, na ce daidai ne, har na yanka mata burodi na zuba mata kofi. Da ta tafi na zauna a kicin ni kaɗai.

Ka san dokar ranar tsere. Motar hukuma ta wuce da jar tuta, hanya ta rufe, ba mai taka ta sai motar ta sake wucewa da koriya. Gida a wannan gefe, makiyaya a wancan. Ran nan gwaji ya ja lokaci, shanu sun taru a bakin shinge, hantsa ta cika, suna ta kuka. Sai ƙarar motoci ta ɗauke. Na saurara, shiru har ana jin tsuntsaye. Na ce a raina ai an gama, wa zai tsaya jiran tuta, mu da muka girma a bakin hanyar nan muna gane ta da kunne? Ni na tsallaka. Ni na kwance igiyar ƙofa. Margot, saniyar da Baba ya fi so, ita ce a gaba lokacin da motar da ta makara ta fito daga gangaren hanyar.

Kai kana gyaran shinge, ka taho a guje. Ka fizge sandar daga hannuna, ka ce in shige bayan rumbu kada in fito, ka shiga kora sauran shanun daga hanya. Shi ya sa Armand ya gan ka da sanda, bai yi ƙarya ba. Margot ta mutu nan take. Direban, baƙo ne, ya karye a ƙafa, aka ce bai sake tsere ba. Ina laɓe ina ji Baba ya mare ka gaban mutane, yana cewa ka kashe masa saniya, ka kusa kashe ɗan mutane, ka ja an kira sunan gidansa a lasifika. Ka ɗauki laifin a kanka. Shekara na zagayowa ka hau jirgin ruwa zuwa Kanada.

Na sha gaya wa kaina cewa lokacin ina da shekara goma sha tara, tsoro ne. To, da na kai talatin fa? Da Baba ya kwanta ciwon ajali ni ke ba shi miya a baki. Wata rana ya tambaye ni ko kana rubuto mini, sannan ya ce a rabu da kai, mai buɗe ƙofa kafin tuta ba ya gyaruwa. Na ɓoye masa gaskiya, na goge masa baki. Ya tafi yana fushi da ɗan da bai yi masa komai ba, ni kuma na gaji gidan da makiyayar. Kunyar wannan ba ta taɓa barina ba, Yaya.

Ranar Talata na sa rigar coci na tafi wurin Madam Solange na faɗa mata komai. Ta saurare ni da kirki, amma ta ce ba za su canza ba a kan maganar mutum ɗaya, tunda Armand ya rantse, kuma ƙauyen duka haka ya sani. Wai wataƙila son ɗan'uwa ne ya sa nake so in wanke ka. Ka ji fa! Ranar da na faɗi gaskiya, ranar aka ɗauke ni maƙaryaciya. Ta ce sai in wanda abin ya shafa ya rubuto da hannunsa, kuma ƙarshen watan Mayu za a kai allunan wurin bugawa.

Saboda haka abu ɗaya nake roƙo. Ba gafara ba, wannan ban isa in nema ba tukuna. Na san halinka, za ka ce a bar abin da ya wuce, Odile ta tsufa, me za a ƙaru da shi. Don Allah kada ka sake ce mini in shige bayan rumbu. Na saka adireshinta a cikin ambulan. Ka rubuta mata wanda ya kwance igiyar.

Ka gaida mini Colette da kyau, da 'yarka Mireille da mijinta, da ɗanka Benoit, da jikanka ƙarami mai sunan Baba. Emile da Luc suna gaisuwa. Na faɗa musu jiya, Luc ya fita wurin shanu ya daɗe.

Sandar tana nan bayan ƙofar kicin inda ka jingine ta ranar. Kusan shekara hamsin ina share ƙasa kewaye da ita.

Ƙanwarka,
Odile