Wanda Zai Zauna a Bayan Kwale-kwalenki

Ya Malamata, inuwata a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya sha rana, iskar da ke riga hadari isowa ta sanyaya gari,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya daɗe bai gan ki ba, ko da yake shekaranjiya muka rabu. Ina fata kin sauko daga dutsen nan lafiya, ke da baƙin da kika yi wa jagora yau. Ki sha ruwa, ki miƙe ƙafa, sannan ki karanta, domin takardar nan ba ta karantawa a tsaye ba ce.

Kin san ni da sanyin kai. A ofis har cewa suke, da gobara za ta tashi, sai na nemi majiya ta biyu kafin in gudu. To, sanyin ya ƙare. Kishi nake yi, abar ƙaunata, kishi mai hana cin abinci. An ce kishi kumallon mata. Wanda ya fara faɗar haka bai taɓa ganin edita zaune gaban hoton da shi da kansa ya zaɓa ba.

Duk bazara, in makarantu sun tafi hutu, ke kin ajiye alli kin koma kai baƙi yawon buɗe ido, mu kuma jaridarmu kan fitar da ɗan littafin wuraren shaƙatawa na gundumar nan: tafki, dutse, magangarar ruwa, hanyar kekuna da ta ratsa gonaki. Ni ke zaɓar hoton bango. Ƙa'idar aikin kuwa ba a tambayar zuciya, ido ake tambaya. Bana mai hoto ya zube mini hotuna tuli, na bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma tun ban kai ƙarshe ba na san wanda ya fi. Ke ce a gaban kwale-kwale, iska ta ɗaga gefen mayafinki, rana ta zuba a kan ruwa kamar an narka zinariya, kin waiwayo kina dariya. A baya kuma ga mai kwale-kwale, dogon nan da ke kula da masu iyo, filafili a hannu, haƙora a waje.

Na yi ƙoƙarin yanke shi, wallahi na yi. Da na cire shi, sai kwale-kwalen ya karkace kamar zai kife, dariyarki kuma ta tafi wajen da babu kowa. Na rage shi zuwa kafaɗa, kafaɗar ta fi mutumin tsaya mini a rai. Hoto kan yi ƙarya a abubuwa da yawa, amma ba ya ƙarya a kan inda ido ya nufa. Na mayar da shi yadda yake, na sa hannu, aka kai maɗaba'a. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Yanzu ina zan kai idona? Kina tashar mota, kina kantin magani, kina jikin firjin Gwaggonki a rumfar lemo ta bakin tafki, har tana yi mini albishir wai tun da ta manna ku ciniki ya ƙaru. Jiya mai aski ya kwantar da kaina, reza a maƙogwarona, ya nuna bango da haɓa ya ce, "Yallaɓai, wannan ba Malamar taka ba ce? Ai sun dace da hoto." Ban motsa ba, don ina son wuyana. Da na kai wa Yaya kukana, sai da ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita dai ba ta taɓa jin namijin da ya buga abokin takararsa da launi, ya raba wa gari kyauta ba sai ƙaninta.

Me ya faɗa miki, hasken idona? Wace magana ce a bakin mutumin da ke wuni yana hura usur, da har ta buɗe fuskarki haka kamar furen da ya ji raɓa? Na karanta littattafan da za su cika kwale-kwalensa su nutsar da shi, amma a cikinsu ban sami jimla ɗaya da na tabbata za ta sa ki waiwayo irin wannan waiwayen ba. Ina kishin filafilin da ya fantsa miki ruwa. Ina kishin rigar nan mai ruwan lemo da ake ɗaura miki don kada ki nutse. Har tafkin kansa nake harara, shi da ke ɗaukar hotonki kullum ba tare da ya nemi izinin kowa ba!

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? An aiko ni in rubuta labarin hawan dutse, na zo da takalmin ofis. Ba mu kai rabi ba numfashina ya fara fita kamar na tsohon injin niƙa, ga tsofaffi suna wuce ni suna yi mini sannu. Sai kika tsayar da ayari, kika ce igiyar takalminki ta kwance. Kika durƙusa kina ɗaurawa a hankali, kina kwancewa, kina sake ɗaurawa, har na dawo hayyacina. Na duba, Malama. Igiyar nan lafiyarta ƙalau. Tun daga ranar na san akwai mai rufa wa mutum asiri ba tare da ta bari ya yi godiya ba, na kuma san ba ni da sauran wurin zuwa.

Shi ya sa maganar shekaranjiya ta soke ni. Kin faɗe ta a sauƙaƙe, kina kakkaɓe jaka: wai ran Asabar, da za a rufe hutun bana da tsallaka tafki zuwa tsibiri mutum bibbiyu, mai kwale-kwale ya ce ki zauna a gaban nasa, tunda jama'a sun saba ganinku tare. Kika ce ba ki ba shi amsa ba tukuna. Na ce to, madalla, na ci gaba da shan lemo. Lemon nan har yau bai wuce ba.

Ke ba ki san abin da na bincika ba. Na gaba hanya kawai yake gani. Na baya shi ke riƙe da akala, shi ke juya kwale-kwalen, kuma tun daga gaɓa har tsibiri babu abin da ke gabansa sai na gaba. Wannan mazaunin nake roƙo. Ba na hana ki komai, ba ni da wannan ikon, ba na kuma nemansa. Ban zarge ki ba, ban zarge shi ba. Mazaunin kawai nake so.

Na san abin da za ki ce: ban iya ruwa ba, kuma doka ta hana wanda bai iya ba shiga kwale-kwalen mutum biyu. Sai an ga mutum ya yi iyo daga gadar katako zuwa jar gangar nan da ke yawo a ruwa, ya dawo. Wa ke gwajin? Shi. Duk gundumar nan babu wani sai shi.

To, na je. Tun makon jiya, da hoton ya fara hana ni sakat, nake zuwa da sassafe kafin baƙi su iso, jiya kuma na ce ya gwada ni. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga ni ina fafewa. Na sha ruwan tafkin nan har na san ɗanɗanon kowane gefe. Ban kai gangar ba, ya kamo ni ta ƙeya kamar ɗan kyanwa. Abin da ya fi ciwo, mutumin kirki ne. Bai yi dariya ba, bai tambaye ni dalili ba. Ya miƙo mini tawul ya ce, "Yallaɓai, kana faɗa da ruwan ne. Ka sake jiki, zai ɗauke ka." Ina ma ya yi mini rashin mutunci, in samu abin riƙewa!

Ya ce in dawo Juma'a da yamma a sake gwadawa. Roƙona ke nan, sanyin zuciyata: kada ki ba shi amsa sai bayan nan. Ki zo ki tsaya a kan gadar ki gani da idonki. In na kai gangar na dawo, ki ba ni mazaunin baya, ko da za mu zo na ƙarshe, ko da za mu yi ta kewaya wuri ɗaya har rana ta faɗi. In kuma na kasa, shi zai tsamo ni a gabanki, ina tari ina zubar da ruwa ta hanci, kuma na yarda da wannan kunyar. Wadda ban yarda da ita ba ita ce in tsaya a gaɓa da busassun kaya, ina ɗaga miki hannu.

Naki ne ni, a tudu da cikin ruwa, bana da baɗi da duk shekarun da Allah ya ara mini.