Giɓin da ke Cikin O

Wapato, 14 ga Satumba

Zuwa ga ƙanwata Florentina,

Gaisuwa mai yawa tare da kewa. Ina fata kina lafiya, ke da Baltasar da yara. Yaya gwiwar Inna? Tana shafa man da na aiko, ko ta ɓoye shi a akwati kamar yadda ta saba? Mu nan lafiya lau, sai dai lokacin tsinkar tuffa ne, tun safe muna tsaye muna jera ta a kwali har ƙafa ta kumbura.

Ba gajiya ce ta sa na ɗauki biro ba, 'yarki Nayeli ce. Tun da ta cika sha shida take cewa za ta bar makaranta ta zo ta tsaya kusa da ni a wurin aiki. Florentina, ni da na yi kiwon awaki don ke ki tafi makaranta, in ga 'yata tana jera tuffa? Abu ɗaya ne yake tashinta da safe, ajin zane na wata Malama Halvorsen. A can ake koya musu tsara rubutu da hoto, irin na fosta da jikin gwangwani.

To, malamar ta ba su aiki. Kowa ya kawo rubutun hannun wani na gidansu, daga A har ƙarshe. Za su ƙara masa girma, su yanke haruffan a jikin takarda mai kauri, su ɗora ta a kan farar takarda, su shafa fenti, a fitar da fostocin bikin girbi na makaranta. Nayeli ta ce nawa take so. Na ce ta karɓi na ubanta. Uban nata Anselmo ya ce nasa ko shi ba ya iya karantawa in ya kwana biyu.

Kin san rubutuna, ga shi a gabanki. Kin ga O ɗina ba ya haɗuwa, da giɓi sama da ƙasa, haka A, haka R. Ba ki taɓa tambayata ba, Allah ya saka miki. A jikin kwalayen tuffa na fara gane haruffa, su kuwa haka ake buga su, a yanke-yanke. Na ɗauka haka Allah ya yi su. Da na shiga ajin manya ina da shekara arba'in da ɗaya, an yi an yi in riƙa rufe su, hannun ya ƙi. Wata rana a asibiti mai karɓar takarda ta miƙo mini wani biro, wai nawa ya ƙare. A manna wannan a bangon gari, matan wurin aikinmu su gani?

Na ce mata a'a, kuma da faɗa na faɗa. Ta ce shi ke nan. Jiya da yau ba ta je makaranta ba. Ki sa mu a addu'a.

Yayarki,
Eulalia

Wapato, 25 ga Satumba

Ƙanwata Florentina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar kowa, takardarki ta iso. Na ji daɗi da Inna ta fara fita ƙofar gida. Kin ce girman kai ne yake damuna. Na ji haushinki kwana ɗaya, sannan na yarda.

Ranar Lahadi bayan coci na zauna a teburin kicin da farar takarda. Na rubuta haruffan, sannan na bi su ɗaya ɗaya ina cike kowane giɓi. Takarda huɗu na yaga kafin na samu mai kyau. Anselmo yana leƙe yana cewa ko liƙin taya ba a yi masa wannan wahala. Na ce ya je ya liƙe bakinsa tukuna.

Da na miƙa wa Nayeli, ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Mama, wannan ba hannunki ba ne." Na ce nawa ne mana, wanda ya yi wanka. Ba ta yi dariya ba, amma ta sa a jaka, kuma Litinin ta koma makaranta. Na ce to, an rabu lafiya.

Ashe ban rabu ba. Jiya malamar ta buga mini waya, ta ce tana so ta gan ni ranar Alhamis a kan aikin Nayeli. Da na tsare yarinyar sai ta faɗa mini gaskiya. Takardar da na gyara tana nan a jakarta. Jerin cefanen da nake maƙalawa a ƙofar firji ta kwashe, na wata guda, daga ciki ta tsinto haruffan. Wato albasa da wake da sabulun wanki na, da duk giɓinsu, malama ta gani, aji ya gani.

Na so in yi faɗa, sai na tuna kwana biyun nan da ta yi kwance da fuska a bango, na haɗiye. Ban san abin da matar nan za ta ce ba. Ko za ta ce a kawo rubutun babba, ba na ɗan yaye ba. In ta ƙi aikin, na san Nayeli ba za ta sake taka makarantar ba. Na roƙi rabin yini a wurin aiki, na goge rigata mai ruwan ƙasa.

Ki gaida Baltasar.

Taki,
Eulalia

Wapato, 12 ga Oktoba

Florentina tawa,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa da kowa. Ki yi haƙuri na bar ki cikin zulumi, aiki ne ya yi yawa. Ki zauna ki karanta wannan a hankali, in kin gama ki karanta wa Inna.

Na je. Ɗakin yana warin fenti, yara wajen ashirin kowa da 'yar wuƙarsa. Malama Halvorsen doguwa ce mai furfura, da fenti har a gwiwar hannu. Ba ta ba ni kujera ba, ta ja ni wurin igiyar da suke shanya fostoci. Florentina, duk sun ɓaci. In ka yanke O ka zagaye shi duka, tsakiyarsa faɗuwa take yi, in aka shafa fenti sai ya fito kamar tabon tumatir. Haka A, haka B. Ta ce da gangan ta bar su su yi kuskuren, don su ji a jikinsu. A ƙarshen igiya ga na Nayeli, ja a kan fari, kowane harafi tsaf da cikinsa. Giɓin nan nawa shi ya riƙe tsakiyar bai bari ta faɗi ba.

Ta ce masu sana'ar suna kiran wannan giɓi gada, kuma sanin inda za a sa ta yana ɗaukar lokaci. Ta tambaye ni wa ya koya mini. Na duba, ga 'yar shugabar layinmu na wurin aiki a tebur na biyu, ta zuba mini ido. Nayeli kuwa ta sunkuyar da kai, tana jira ta ji ko zan yi ƙarya.

Na ce, "Kwalin tuffa ne ya koya mini. Shekara ashirin da uku ina kallonsa kafin in san abin da yake cewa."

Ba wanda ya yi dariya. Malamar ta miƙo mini alli ta ce to in nuna musu. Na karɓa na rubuta R a allo. Wata yarinya ta ce me ya sa gadar ba ta gefe. Na ce in kin sa ta can ƙafar za ta karye tun a kwali na goma. Ban ma san na san haka ba. Rabin yinin da na roƙa ya ƙare ina zagaya tebura, 'yar shugabar layin ma sai da na gyara mata B har sau biyu.

Yanzu fostocin suna ko'ina, har a tagar mai gasa burodi. Matan wurin aiki sun sa mini suna Farfesa, in na wuce sai su ce a ba malama hanya. Anselmo ya ciro guda daga jikin falwaya ya kawo gida, na ce sata ce, ya ce ai rubutun matarsa ne.

Ban ce hankalina ya kwanta duka ba. Nayeli ba ta yi mini alkawarin gama makaranta ba. Amma ta sa sunanta a ajin malamar na zango mai zuwa, kuma jiya ta ce in rubuta mata lambobi, daga sifili zuwa tara, wai takwas tana ba ta wahala. Na ce takwas ai ciki biyu gare ta, gada huɗu take ci.

Ki duba sunanki a bayan ambulan. Wannan karon ban tsaya gyara ba. Giɓin da ke cikin O ɗinki ba biro ne ya ƙare ba, gada ce.

Ki shafa mini kan yara, ki ce wa Inna ta ci gaba da shafa man.

Yayarki mai ƙaunarki,
Eulalia