Tukunyarmu Ɗaya

Laraba, bayan isha'i

Ya Falmata, yayar mijina, ta taso tun daga unguwar Galtimari wai ta zo duba ƙaninta, ashe ni ta zo yi wa shari'a. A gaban yarana ta ce, "Ku biyun ciwon suga ɗaya, ya aka yi ke kina nan garau, shi kuma an mayar da shi kan allura? Me kike ba shi?"

Me nake ba shi! Ni da na haƙura da shinkafar Zabarmari don kada ya gani ransa ya biya. Tukunyarmu ɗaya, kwanonmu ɗaya.

Na gaya mata abin da likita ta ce mana: ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin mace da na namiji ba iri ɗaya suke jure wahala ba, na mace kan fi daɗewa kafin su gaji. Ta taɓe baki, wai ai dama likitar mace ce.

Ita ba ta ƙona min rai kamar Baban Zara ba. Mijina, da kunnensa ya ji bayanin nan, har da gyaɗa kai. Yau kuwa ya sunkuya yana danna waya, ko tari bai yi ba.

Na yi masa allurarsa. Da na auna nawa sugan, ya hau yadda bai taɓa hawa ba. Gara Ya Falmata ta kwantar da hankalinta, na kusa kamo ƙanin nata.