Jingar Ƙetaren Kogi

Kurihane, 12 ga Mayu, shekara ta 18 ta zamanin Sarki Meiji

Zuwa ga Yayata Fusa,

Bayan gaisuwa mai yawa da kewa mai yawa, ina fatan sanyin Hakodate ya sassauta, kuma tarin nan da ya dame ki ya tafi. Yaya maigidanki da kasuwar kifi? Ki shafa mini kawunan yara. Mu nan jiki lafiya lau.

Yaya, tun ranar Talatar da ta wuce ban sake zama Nui ɗin da kika sani ba. An wayi gari da rana mai kyau, sai surukata ta ce a shanya takardun gida kafin damina, kada asu ya cinye su. Ta miƙo mini makullin ɗakin ajiya, karo na farko a shekara biyu da na yi a gidan Kuwata. Ta ce, “Ke ’yar ƙetare, tunda ba ki da sana’a sai bin takarda da ido, yau ga takarda har ki ƙoshi. Shanyawa na ce fa, ban ce karatu ba.” Na yi dariya na karɓa. Kin san halina. Tsammani nake zan tsinci wasiƙar soyayyar wata kaka a ƙasan akwati, irin yadda ake yi a littattafan da tsoho Rihei yake kawo mini haya a gadon bayansa.

Abin da na tsinta taswirar garin nan ce, ta zamanin da, faɗinta ya kai tabarma biyu. Na shimfiɗa ta a baranda na durƙusa a kanta. Ga fada a kan tudu da hasumiyarta, wadda aka rushe aka sayar da katakonta tun muna yara. Ga gwalalo biyu da suka kewaye ta. Ga titunan nan masu lanƙwasa kamar gwiwar hannu, waɗanda na riƙa ɓata a cikinsu ina amarya. Unguwar samurai, mayaƙan fada, a sama, Maƙera da Marina a gangare, haikalai a jere can gefe. Na bi Kogin Tsuzura da yatsa har na haye, na samo Nukabe ɗinmu, ɗan ɗigo tsakanin gonakin shinkafa. Har na yi murna da na gan mu a takarda.

Daga nan idona ya faɗa kan wani jan layi a kan jingar da ke tare mana kogi, sama da ƙauye. A gefensa an rubuta cewa cikin jingar a wurin nan yashi ne, turaku ne suke riƙe da shi. An rubuta kuma: idan ruwa ya taɓa zanen da ke jikin dutsen gada, mutanen gidan Kuwata su haye su zare turakun. A ƙasa an jera shekaru bakwai, kowace da sunan wanda ya jagoranci aikin. Ta ƙarshe ita ce shekarar da ruwa ya ci Inna. Sunan da ke gabanta Kuwata Jinbei ne, surukina, wanda nake zuba wa shayi kowace safiya.

Kowa ya san jingarmu ta fi ta gari gajarta da kamu biyu, domin haka iyayen gijin fada suka hukunta tun kakannin kakanni. Mun ɗauka iyakar zaluncin ke nan, sauran kuma fushin kogi ne. Shekarata huɗu a lokacin. Abin da nake tunawa kawai hannunki ne riƙe da ɗamarata a kan rufin ɗaki, da Inna ta koma ciki ɗauko jariri. Ke da kike da shekara tara kin fi ni gani.

Na naɗe taswirar na mayar. Da yamma na dafa shinkafa, na gasa kifi, na kai wa kowa nasa, kamar ba abin da ya faru, abin da ya ba ni tsoro ke nan. Maigidana Shinzaburo ya tambaye ni ko wani littafi ne ya sake sa ni kuka. Na ce e. Shi ne fa mutumin da ya gan ni a bakin gada ina karatu a ƙarƙashin lema, ya koma gida ya ce in ba ni ba, ba zai yi aure ba. Shi ne babban ɗa, aikin zare turakun nan kansa zai dawo.

Saura wata guda damina ta sauka. Baba yana Nukabe, da matarsa, da ƙannenmu uku, da gidaje sittin. Ban faɗa wa kowa ba sai ke. Ki gaya mini abin da zan yi.

Ki huta lafiya. Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Nui

Kurihane, 9 ga Yuni

Zuwa ga Yayata Fusa,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutanen gida. Na ji daɗi da kika ce ƙaramin ya fara tafiya. Busasshen ganyen tekun da kika aiko ya iso, na gode, surukata ma ta yaba, ita da ba ta yabon komai.

Wasiƙarki na karanta ta sau uku a bayan rijiya. Kin ce in kama bakina. Wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya zaunar da ni a ƙasa shi ne da kika ce Baba ya daɗe da sanin hannun mutane ne ya fasa jingar, wurin ne kawai da lokacin bai sani ba. Kuma shi da kansa ya yi shekara yana bin mai dalilin aure har ya kai sunana gidan Kuwata, da tunanin ba za su sako ruwa a kan iyayen surukarsu ba. Ashe ranar nan ta bakin gada aika ni aka yi in tsaya, aka turo shi ya duba ni. Ni kuwa ina ta ba ƙawaye labari kamar a littafi. Me ya sa ba ki gaya mini ba, Yaya? Kin tsaya kina gyara mini gashi ranar biki kina jin ina zuba shirme.

Ban bi shawararki duka ba. Shekaranjiya da hantsi na tarar da Shinzaburo shi kaɗai yana gyaran lema, na durƙusa na gaya masa abin da na gani. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye lemar. Sai ya ce, “Da kin tsaya a kan littattafanki, Nui, da kin fi samun barci.”

Na ce masa babu sauran fada, ubangidan da ya ba da umarnin yana Tokyo yana sa rigar Turawa, wa ake karewa? Ya ce in zo. Ya kai ni ƙarshen layinmu, inda tsohuwar ganuwar dutse ta tsaya, ya nuna mini gangare. Rufin Marina da Maƙera sun cika ido har bakin kogi, ga yadudduka masu shuɗi suna lilo a kan igiya. Ya ce mutum dubu shida ne a ƙasan nan. A da in kogi ya tumbatsa gwalalon waje ne yake shanye rabin ruwan, yanzu an cike shi an gina makaranta da ofishin waya a kai, ruwan ba shi da wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Ya ce, “Ƙirga da kanki. Dubu shida nan, ɗari uku can. Ni ma ba ni na zaɓi gidan da aka haife ni ba.”

Na ce to a yi musu gargaɗi mana, su hau tudun haikali kafin a zare. Ya girgiza kai. Wai a zamanin kakan kakansa an taɓa yi, mazan Nukabe suka fito da lauje suka tsare jingar, aka kashe mutum goma sha ɗaya, kafin a gama faɗan ruwa ya ci rabin Marina. Tun daga nan aka haramta gargaɗi. Dattawan unguwanni sun san da maganar, suna zuwa gaida surukina duk farkon damina da tulun giya, ba mai ambaton dalili.

Na tambaye shi ko ya san Inna tana cikin waɗanda suka tafi. Ya ce ya sani tun kafin a ɗaura. Ya ce shi ya sa bai taɓa ɗaga mini murya ba. Yaya, da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Duk kirkin nan da nake alfahari da shi, ashe tausayin maraya ne.

Jiya tsoho Rihei ya zo da kayansa. A Marina yake zaune, a ɗaki na ƙarshe kafin kogi, da ’yarsa da jikoki. Ya ce, “Uwar ɗakina, ga sabo, an raba masoya a shafi na uku, sai kin jiƙa hannun riga biyu.” Na ce ba na so. Ya dube ni ya ce, “To fa! Ko dai ciki ne? In kin daina karatu ai ni da jikokina mun daina cin shinkafa.” Na tsaya ina kallon ƙafafunsa cikin takalmin ciyawa, ina tunanin in na ceci Baba shi ruwan zai ci.

Gajimare ya fara haɗuwa a kan duwatsun yamma. A Nukabe an gama dashe, an ce bana shukar ta yi kyau. Wataƙila damina ta zo da sauƙi, ai ba kowace shekara ba ce. Kullum sai na kunna turare a gaban allunan sunayen kakannin gidan nan, ko da yake ban san me zan roƙi waɗannan mutanen ba.

Ki gaida maigidanki. Taki,
Nui

Kurihane, 1 ga Yuli

Yaya Fusa,

Ina gaishe ki, ina fatan kuna lafiya ke da yara. Ki yi haƙuri da rubutun, takardar ta sha danshi, tawada sai bajewa take yi.

Yau kwana tara ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tabarmi sun yi funfuna, itace ya ƙi kamawa. Kogi ya koma ruwan ƙasa, yana tafe da bishiyoyi da saiwoyinsu. Kowace safiya ina fakewa da sayen kayan miya in gangara gada in duba dutsen. Shekaranjiya saura kamu guda ruwa ya kai zanen. Jiya saura taki. Yau da safe na ga yatsu huɗu ne suka rage. Mutanen Marina sun fara ɗora kayansu a kan rufi, mata suna goye da yara suna kallon sama.

Da na dawo na tarar an fito da igiyoyi da gatura an jera a zaure. Maza takwas na dangi suna zaune suna cin dunƙulen shinkafa. Surukina ya tsufa, ƙafarsa ba ta kai shi ƙetare, saboda haka ya miƙa wa Shinzaburo taswirar da hannu biyu, shi kuma ya sunkuya ya karɓa.

Na yi abin da ban taɓa yi ba. Na shiga tsakiyar maza na kifa goshina a ƙasa gaban surukina, na roƙe shi sa’a ɗaya tak, a aika a ce mata da yara su hau tudu. Ya dube ni kamar kyanwa ce ta yi magana. Ya ce da ɗansa, “Matarka ba ta da lafiya, a kai ta ciki.” Surukata ta ja ni madafa. Na zaci zagi zan sha, sai ta zaunar da ni ta ce, “Ke kaɗai kika taɓa yin uwa? Ƙanwata a Nukabe aka yi mata aure, ruwan da ya ci uwarki shi ya ci ta, ’yar ƙetare. Na yi shiru, ga ni ina raye. Share fuskarki ki ɗora ruwan zafi.” Shekara goma sha bakwai tana ɗauke da wannan, ban taɓa gani a fuskarta ba.

Shinzaburo ya biyo ni daga baya. Ya ce in ruwan bai tsaya ba, gobe da sassafe za su haye. Ya ce in na buɗe baki ba shi da ikon riƙe ni a gidan nan, takardar saki ce, ko yana so ko ba ya so. Ya kama hannuna. Har yanzu ina son sa, Yaya, wannan ma wani ciwon ne.

Na auna ta kowace fuska. In na nuna wa Baba wurin, mazan Nukabe za su tsare shi da lauje, ko su kashe mijina ko ya kashe su, ruwa kuma ya shiga Marina. In na yi shiru, ƙannenmu za su hau rufi kamar yadda muka hau. Na san Baba zai tsare ni da tambaya, domin wannan amsar ya ba da ni. Zai ce na zaɓi mutanen gari, gonaki da gidaje za su tafi, Nukabe ba za ta yafe mini ba. Gidan Kuwata ma haka. Ban ga hanyar da zan fita da kowa a hannuna ba.

Zan ba mai kai wasiƙu wannan a kan hanyata. Kada ki aiko amsa gidan nan. Ki sumbaci yara, ki gaida maigidanki, ki yafe mini rashin jin maganarki.

An ce da tsakar rana za a rufe gada. Kafin nan zan haye. Zan gaya wa Baba ya kwashe kowa zuwa tudu yau ɗin nan. Wurin jan layin ba zan faɗa masa ba, kuma ba zan dawo Kurihane ba.

Ƙanwarki,
Nui