Ina Cikin Takaba Aka Sasanta Shari'ar 'Yata

Anti Fanta, don Allah ki taimake ni. Amma idan haƙuri za ki ba ni, ki riƙe abinki, na sha shi har ya gundure ni.

A Fagge muke. 'Yata, bari in kira ta Ikhlas, shekarunta sha uku, tana makaranta a Sabon Gari. Mai adaidaita sahun da ke kai ta yana dawo da ita, Sammani, shi ya yi mata fyaɗe. Mutumin da nake zuba wa abinci da hannuna! Babanta bai ɓoye ba. Ya kai ƙara, likita ya duba ta, aka kama Sammani, aka fara shari'a. Ana cikin haka Allah ya yi wa baban rasuwa, na shiga takaba.

Kin dai san mu. Ko zaure na leƙa sai tsofaffi sun yi min ca. Sai wan mijina, Alhaji Kyari, mai shago a kasuwar Kwari, ya ce yanzu shi ne uba, shi zai riƙa zuwa kotu. Kullum saƙonsa ɗaya, an ɗage zama. Ashe shi da lauyan gwamnati da lauyan Sammani sun gama magana. An sauke tuhumar daga fyaɗe zuwa wani ƙaramin laifi, Sammani ya amsa, aka ce zaman da ya yi a tsare ya wadatar, aka sallame shi. Ba wanda ya gaya min. Ikhlas ce na aika sayen sabulu, ta gan shi a bakin titi cikin adaidaitarsa yana shan rake. Ta shigo a guje ba takalmi. Tun daga ranar ba ta sake taka waje ba, makarantar ma ta daina zuwa.

Da na fita takaba na je wajen lauyan gwamnatin. Ko kujera bai nuna min ba. Wai iyali sun amince, wai ya hutar da yarinya tsayuwa gaban jama'a. Wane iyali? Ni da na haife ta mutuwa na yi? Takaba fita ta hana ni, ba ta hana ni ɗaga waya ba. Alhaji kuwa wai asirin zuri'a ya rufa, don ta samu miji nan gaba. Wallahi na tsane su duka, ko muryar Alhaji ba na son ji.

Ga abin da na yanke. Zan zaunar da Ikhlas in ɗauke ta a waya ta faɗi komai da bakinta, in kama sunan lauyan nan, in watsa kowa ya gani. Ƙanwata ta ce na haukace. Ke fa?

Uwar da aka tsallake, Fagge

'Yar'uwa, ba ki haukace ba, kuma ba haƙuri zan ba ki ba. An zalunce ku, ni ma raina ya ɓaci.

Gaskiya ne lauyoyi kan sasanta idan suna tsoron shaida ba za ta tsaya ba, kuma tambayoyin kotu suna iya karya yarinya. Da lauyan gwamnatin ya zaunar da ku ya faɗi haka, da magana ce ta saurare. Amma jin ta bakin wanda aka zalunta haƙƙi ne, ba alfarma ba. Ya ga namiji da babbar riga ya ce ya ga iyali, wannan lalaci ne da raini. Shi kuma Alhaji, asirin Sammani ya rufa, ba naku ba. Su ma tsofaffin da suka tsare ki, da an tambayi malamai da an ji cewa larura tana halasta wa mai takaba fita.

Ga abin yi. Ki nemi ƙungiyar lauyoyi mata ko masu ba da taimakon shari'a kyauta, su karɓo takardun hukuncin su ga wa ya amince da sunanku. Su rubuta ƙorafi ga shugabannin lauyan, a tambaye shi dalilin tsallake ki. Ba zan yaudare ki ba, tayar da shari'ar da aka yanke yana da wuya. Amma shi lauyan za a iya sa shi ya amsa tambaya, kuma za a iya neman a hana Sammani kusantar layinku da makarantarta. Ki kuma kai Ikhlas wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wannan ya fi komai gaggawa.

Bidiyo kuwa, a'a. Lauyan zai ji kunyar mako guda, ita kuma fuskarta ta zauna a wayoyin mutane har ta girma, har da wayar Sammani.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na ji abin da lauya ya ce, da Alhaji, da ƙanwarki, da ke. Ban ji abin da Ikhlas ta ce ba. Sun yanke mata hukunci ba su tambaye ta ba, kar uwarta ta zama ta gaba. Ki ajiye wayar, ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta me take so. Ko ba ta amsa yau ba, ki jira.

Allah ya jiƙan maigidanki, ya saka muku, ya nuna miki ranar da za ta fita da ƙafarta ba tsoro.

Anti Fanta