Haƙorin Malam Ɗahiru da Kunun Inna

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
Ni ne Babban Likitan Haƙora na Yauri, Ngaski da Shanga, har da tsibiran cikin ruwa. Majinyacina ɗaya tal, Malam Ɗahiru masunci, kuma ya ishe ni. Mutumin da ke ratsa tafki ana iska ko gezau, wai kujerar cire haƙori ke sa shi gumi! Kunci ya kumbura sai ka ce mangwaro ya ɓoye. Kanumfari, ruwan gishiri, rubutun sha, ba wanda ba a gwada ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Likita Mufida, mai taya ni aiki a Yelwa duk Laraba, ta yi bayani a waya. Akwai allurar da ake wa masu tsoro a hannu, jiki ya saki, a cire ba su damu ba. Sharaɗi: kada komai ya shiga cikinsa da safe, kuma wani ya maido shi gida. Na ƙara da nawa ilimin, na ce duk wanda aka yi wa ita sai ya tona asirinsa kaf, har inda yake ɓoye goro. Inna, wato matarsa, ta yi dariya. Shi bai yi ba.

Laraba, 9 ga Oktoba
Takaici! Mun ƙona mai har Yelwa, mun yi layi, ya hau kujera. Likita ta ce, "Baba, cikinka wayam ko?" Can ya ce, "Ɗan kunu dai." Ɗan kunu! Kwano guda, da ƙosai. Ta ce sam, yana iya amai ya shaƙe shi. Ta ba da ƙwayoyi, sai wata Larabar, kuma in kumburin ya gangara wuya a kawo shi a guje.
Na tuhumi Inna. Wai ta ji sharaɗin sarai, amma tun kakanninta ba mai shiga jirgi da yunwa a gidanga. "Likita ta san haƙori, ta san ruwa?"
Shi kuwa har waƙa ya yi a hanyar komowa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Bai taɓa tuwo ba. Bai fita kamun kifi ba. Ina ta leƙen wuyansa, yana kore ni kamar ƙuda.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Inna ta ce bakina ne ya ja, wai zancen tona asirin nan ne ya tsorata shi. Nawa!

Talata, 15 ga Oktoba
Muna gyaran taru da la'asar, ban tambaye shi ba, ya ce, "Mi gare ni na ɓoyo? Tsorona a kwantar da ni in wuce ba shahada a bakina."
Na ce likita ta ce ba barcin gaske ba ne, zai ji, zai amsa.
"To kai za ka tsaya kaina. In ka ga na canza, ka laƙanta min. Ban son wasanka nan, yaro."
Na ce to, muka ci gaba da gyaran tarun.

Laraba, 16 ga Oktoba
Tun asuba na tsare ƙofar madafa. Inna ta bi mu har bakin ruwa da kunu a gora, tana mita, sai da na rantse zai sha in an gama.
Likita ta bar ni a gefensa. Da allurar ta shiga ya damƙe hannuna, na kama Yasin ƙasa-ƙasa. Riƙon ya yi ta sassautawa, na ce, "Baba!" Ya ce, "Na'am," a hankali kamar mai jin daɗin inuwa.
An cire, an cusa auduga. Sai ga shi yana tambaya yaushe za a fara.
Ni na tuƙo mu gida. Bai gyara min ko sau ɗaya ba, yana kan taru yana gyangyaɗi.

Alhamis, 17 ga Oktoba
Ya ci tuwo mai taushi, ya ce miya ba gishiri. Ya warke ke nan.
Abokaina su Anas sun tare ni bakin ruwa, wai in kwaikwayo musu surutan Baba cikin maye. Ya yi surutai kam. Wani ma a kaina ne. Na ce musu bai ce komai ba.
Kuma ni ba likita ba ne. Sunana Hafizu, autan Malam Ɗahiru, allo kaɗai na riƙa. Har yanzu shatin farcensa na hannuna.