Lafiya Lau Ɗin da Ta Cuce Ni

Gwaggo Hajo,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Kawu da yara? Mu nan Mafara sai godiya.

Tun harin da ya rutsa da ni a hanyar Maradun barci ya gagare ni. Da kullen korona ya koro mu gida, jami'armu ta haɗa ni da likitar ƙwaƙwalwa ta waya. To, sabis ba ya kamawa sai tsakar gida, gab da turmin Inna. Duk abin da likita ta tambaya, sai in dubi Inna in ce, "Lafiya lau," kada hankalinta ya tashi. Jiya aka sallame ni, wai na warke. Kaico!

Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In kin kira na ce lafiya lau, kada ki yarda.

'Yarki,
Rabi